Abin da Igiya Ke Gaya wa Hannu

Rijiyar unguwarmu a Jangebe tana da zurfi, in bazara ta kankama kuwa ruwan yakan ja da baya har ka leƙa ba ka ga komai ba sai duhu. A bakinta akwai wani gungumen itace da igiyoyi suka ci shekara da shekaru, suka yi masa gurabu, kowane gurbi ya yi santsi kamar an shafa masa man gyaɗa. Nan Inna take tsayawa da sassafe, ƙafa ɗaya bisa gungumen, ta zura guga. Ba ta leƙawa. Sau da yawa ma fuskarta na wajen wadda suke hira da ita. Can sai ka ga ta daina zurawa, ta girgiza igiyar sau biyu, ta dakata, ta ɗaga kaɗan ta sake saki, sannan ta fara ja. Ban taɓa ganin ta fito da guga rabi ba, sai fa in ruwan ne ya ƙare.

Wata rana na tambaye ta yadda take sanin guga ya kife ya sha ruwa alhali ba ta gani. Ta ce, "Ɗan nan, ai igiya ke gaya mini. In ya taɓa ruwa takan yi sako-sako, in ya cika ta yi nauyi, in kuwa ya zauna kan laka sai ka ji ta mutu a hannunka."

Maganar nan ta dawo mini bayan shekaru masu yawa, a gefen titin Gusau zuwa Sakkwato, kusa da Mafara. Na tarar da wasu samari cikin rami, katafila ta tsinke kebul ɗin wani kamfanin sadarwa, su ne aka turo gyara. Na yi musu sannu da aiki, na tambayi babbansu yadda aka yi suka san nan ne za su tona, cikin duk tsawon hanyar. Ya ɗago wata na'ura da ba ta fi ƙaramar rediyo ba, ya ce, "Malam, haske muka aika, ya je ya dawo ya faɗa mana." Abin da yake nufi shi ne abin da kowane yaro ke yi in yana son sanin zurfin rijiya: ya jefa tsakuwa, ya kasa kunne ya ji tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ta ce tsundum. Haske na gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya cikin gilashi. Na'urar takan harba ɗan ƙyiftawar haske, in ya isa inda zaren ya karye sai wani abu daga cikinsa ya dawo, ita kuwa ta lissafa lokacin zuwa da dawowa ta mayar da shi mitoci.

Ya feɗe bakin kebul ɗin ya miƙo mini ɗan guntun abin da ke ciki. Faiba suke ce masa. Babu tagulla ko ƙwaya ɗaya, abin da ɓarayin waya ke yawan ganowa bayan sun riga sun yi ɓarna. Zaren gilashi ne tsantsa, siriri kamar gashi, sai an jera takwas kafin su cika milimita ɗaya. A tsakiyarsa akwai ɓargo, shi ma na gilashi, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin zaren ba, ta nan haske ke bi, gilashin da ke kewaye da shi yana mayar da shi ciki duk lokacin da ya nemi fita. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa ba gilashi ne ke kashe haske ba, dattin da ke cikinsa ne. A lokacin, in haske ya yi mita 20 cikin zare, kashi ɗaya cikin ɗari kaɗai ke saura. Kamfanin Corning na Amurka ya fitar da zare mai tsabtar da ake nema a 1970, Kao kuma ya karɓi lambar Nobel a 2009.

Mun san zaren nan a matsayin ɗan aike: shi ke ɗauko mana murya da hoto da kuɗi, ranar 14 ga Maris 2024 da manyan kebul suka lalace a teku daura da Kwaddibuwa kuwa har masu POS a kasuwanninmu sun ji a jikinsu. Amma ɗan aiken nan yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana damun masu sadarwa. In an lanƙwasa shi, ko an ja shi, ko rana ta gasa shi, hasken da ke ciki yakan canza. Su wannan matsala ce da suke neman maganinta. Wasu masana kuwa suka dubi abin ta fuskar Inna: tun da igiyar na canzawa da abin da ya same ta, to ai labari take bayarwa, saura a koyi saurare.

Shekarar 1978 ita ce shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori. A cikinta kuma, a wata cibiyar binciken sadarwa ta gwamnatin Kanada da ke Ottawa, Kenneth Hill da abokan aikinsa suka haska leza mai ƙarfi cikin wani zare, sai suka lura hasken da ke dawowa yana ta ƙaruwa har ya kusa dawowa duka. Ashe hasken da kansa ya yi wa ɓargon zaren tsage, layi-layi, masu tazara daidai wa daida. A 1989 Gerald Meltz da mutanensa a Amurka suka gano yadda za a yi tsagen nan daga gefen zaren da wani haske da ido ba ya gani, a duk inda aka ga dama, da tazarar da aka ga dama. Layukan ƙanana ne ainun, kusan 2,000 cikin milimita ɗaya.

Ga amfaninsu. Samo robar ɗaure kaya, irin wadda ake yankawa daga tsohon tiyub, ka ja mata layuka da alli kusa da kusa. Ja ta, za ka ga layukan sun buɗe. Sake ta, su koma. Kowane rukunin tsage a cikin zaren launin haske ɗaya tak yake mayarwa baya, sauran su wuce, kuma tazarar layukan ce ke zaɓar launin. Da zaren ya miƙe ko da ƙanƙani, tazara ta buɗe, launin da ke dawowa ya gusa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu ya san wannan: in ya matse tsarkiya da hammata murya ta yi sama, in ya sassauta ta sauko, kai da ke bayan katanga ma kana iya faɗin yadda ya matse ba tare da ka gan shi ba. Na'urar da ke bakin zaren haka take sauraren launi. Kaifin jinta ya kai ta gane miƙewar kashi ɗaya cikin miliyan, wato kamar igiya mai tsawon kilomita ɗaya ta ƙaru da milimita ɗaya. Kuma ba wuri ɗaya ake yi wa tsage ba, ana jera su ɗaruruwa ko dubbai a zare guda, kowane yana ba da labarin inda yake.

To, sanin cewa an ja igiya daban, sanin yadda ta kwanta daban. Ta yaya zare zai faɗi cewa ya karkata dama a nan, ya yi ƙasa a can, ya naɗe kamar gammo a gaba? Amsar tana gona. Je ka da damina ka tsaya inda mai huɗa ke juyawa a ƙarshen kunya. Shanu biyu ne cikin karkiya ɗaya. Muddin kunya na tafiya sak, takunsu ɗaya ne. Da an zo juyi, san da ke waje sai ya buɗe ƙafa ya yi doguwar tafiya, na ciki kuwa yana 'yan gajerun taku kusan a wuri ɗaya. Da za a zaunar da mutum cikin ɗaki a riƙa gaya masa takun san dama da takun san hagu daki-daki, da ya zana maka hanyar garmar a ƙasa: inda takun ya zo ɗaya an miƙe, inda na dama ya fi yawa an juya hagu, yawan bambancin kuma shi ne tsananin kwanar.

Shi ya sa zaren awon siffa ba ɓargo ɗaya gare shi ba. Ana yin sa da da yawa cikin gilashi guda mai kaurin gashi. In ya lanƙwashe, ɓargon da ke bayan kwana ya miƙe, na cikin kwana ya takure. Shanu biyu sun isa a gona don ƙasa shimfiɗe take, amma zare yana iya yin sama ko ƙasa, saboda haka ake sa uku a kewaye, a zaune kamar duwatsun murhu, ta yadda duk inda aka karkata sai ɗayansu ya ji fiye da 'yan'uwansa. Akwai na huɗu a tsakiya, a mazaunin garma, wanda lanƙwasa ba ta ƙara shi ba ta rage shi. Abin da ya ji, to zafi ne ko jan da aka yi wa zaren gaba ɗaya, sai a cire wannan daga lissafin sauran ukun. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gilashi na amsa zafi kamar yadda yake amsa ja, kuma a ƙasar da sanyin hunturu da zafin Afrilu suke kamar namu, zaren da ba a yi masa wannan tanadi ba zai ɗauki rana a matsayin kwana.

Saura murɗiya, a nan kuwa sai in tuna da Kawu. Yakan zauna gindin bedi da jiƙaƙƙiyar rama, ya naɗe wando, yana murza sili a cinya yana tufka igiya mai sili uku. Shi ya fara nuna mini cewa in ka murɗa igiya ta ɓangaren da aka tufke ta, duk silin ukun sukan ƙara tsauri tare. In ka murɗa ta ɗaya ɓangaren, su sassauta tare har ka ga haske tsakaninsu. Masu ƙera zaren nan dabarar Kawu suka bi. Lokacin da ake jan gilashin yana da zafi akan juya shi, ɓargo ukun na waje su naɗe na tsakiya kamar tufka. Saboda haka in ɗaya ya miƙe ɗaya ya takure, lanƙwasa ce. In ukun suka miƙe ko suka sassauta tare alhali na tsakiya bai motsa ba, murɗiya ce, har da ɓangaren da aka murɗa. Daga nan kwamfuta ta ɗauki zaren gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, ta ce wannan gaɓa ta karkata kaza ta fuskanci kaza, ta ɗora ta biyu a kanta, ta ɗora ta uku, har ƙarshe. Abin da zai fito a allo shi ne hoton zaren kamar yadda yake kwance a inda ido ba ya kaiwa, da inda bakinsa yake, da inda ya fuskanta.

Kowa ya taɓa cin tuwo cikin duhu ranar da fitila ta mutu, ba a kuma taɓa jin wanda ya kai loma kunne ba. Jijiyoyin da ke cikin nama da gaɓoɓi suna gaya wa ƙwaƙwalwa yadda hannu ya lanƙwashe a kowane lokaci. Wannan baiwa ce kayan aikin likita ba su da ita. Likitan da ke zura siririn bututu cikin jijiyar jini yana buƙatar hoton eksire a kai a kai don ya ga inda ya kai, shi da maras lafiya suna shan tururin na'urar, hoton kuma shafaffe ne, ba ya nuna zurfi. Kamfanin Philips ya sa irin zaren nan cikin wayar da ake zurawa, aka fara aiki da ita a jikin mutane a asibitin jami'ar Utrecht da ke Holand, likita na ganin siffar wayar ta kowace fuska da haske maimakon eksire. Kamfanin Intuitive na Amurka kuma ya fitar da na'urar Ion, wadda hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da ita a Fabrairun 2019: bututu ne mai kaurin milimita 3.5 da ke bin rassan hanyoyin iska na huhu, masu rarrabuwa kamar saiwar itace, har ya isa ɗan ƙullutun da ake zargi ya gutsuro a auna ko ciwon daji ne. Zaren da ke jikinsa na faɗin siffarsa sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Tun a 2008 ma hukumar NASA ta manna zare shida a fukafukan wani jirgi maras matuƙi mai suna Ikhana, nauyinsu duka bai kai kilo ɗaya ba, suna auna wurare fiye da 2,000, injiniyoyi na kallon yadda fiffike ke lanƙwasa yana cikin tafiya.

Dabarar tana da iyaka, iyakar ma a gona take. San da ya kauce da faɗin tafin hannu a farkon kunya, in ba a gyara ba, kafin ƙarshen gona ya shiga iyakar maƙwabci. Tun da kowace gaɓa a kan ta baya ake ɗora ta, ɗan kuskuren farko yana girma da tsawo, shi ya sa awon siffa mai kaifi ya fi zama daidai a 'yan mitoci. Sannan zaren ba shi ne mai tsada ba, na'urar da ke karanta shi ce.

Akwai ɗan'uwan wannan zare da ke auna juyi kaɗai. A ce kaka na zaune gindin rumbu, jikoki biyu masu gudu ɗaya suka tashi daga gabanta, ɗaya ya kewaya rumbun ta dama ɗaya ta hagu. In tana nan zaune, tare za su iso. In ta gusa gefe guda suna cikin gudu, wanda ta gusa wajensa zai riga ɗan'uwansa. Bafaranshe Georges Sagnac ya nuna haka da haske a 1913, a 1976 kuma Vali da Shorthill na jami'ar Utah suka yi shi da naɗin zaren gilashi. Ana naɗe ɗaruruwan mitoci kamar ƙwaryar zare, a saki haske ta baki biyu, bambancin isowarsu ya faɗi yadda jirgin sama ko na ruwa ya juya. Masu kyau daga cikin irin na'urorin nan har juyawar duniya suke ji, digiri 15 a awa, su fitar da arewa ba tare da tauraron ɗan'adam ba.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai ba huhu ba ne, ba fiffike ba ne, Bakolori ne. Madatsar nan da kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Kogin Sakkwato tana da tsawon kilomita 5.5, mafi yawanta tarin ƙasa ce, an kuma yi ta don ta riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon cika, ta shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. An biya ta da tsada, ba ta kuɗi kaɗai ba, domin a Afrilun 1980 an rasa rayukan manoma da yawa da suka fito neman diyyar gonakinsu. Yau shinkafar rani ta dubban gidaje a wuyanta take, dubban gidaje kuma a ƙasanta suke kwana. Madatsar ƙasa ba ta cika faɗuwa rana ɗaya ba. Ruwa yakan sami wata 'yar kafa, ya yi naso, ya riƙa kwashe ƙasa ƙwaya-ƙwaya daga ciki, bango ya ɗan zauna, ya ɗan karkata, daga waje kuwa ciyawa kore shar.

Tsohon manomi da ke bin bakin kanal ba takalmi ya san alamar. Ƙasa na ƙuna da rana, sai tafin ƙafarsa ya faɗa wani wuri mai sanyi, ya tsaya ya ce nan akwai yoyo, tun kafin a ga ɗigo. Zaren gilashi na yin wannan aikin, kuma ba ya ma buƙatar tsage: irin wanda saurayin nan ya miƙo mini, in an binne shi cikin bango, yana faɗin zafin ƙasa mita bayan mita tsawon kilomitoci, dare da rana. Inda ruwa ke ratsawa zafin wurin yakan bambanta da na kewayensa, na'ura ta ce a mita kaza ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake yin haka a madatsun Jamus da Suwidin. Wani nau'in kuma miƙewa yake ji, ya faɗi inda bango ya fara zamewa. Mun ga madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, mun ga ta Gusau a 2006, mun ga ruwan madatsar Alau ya shafe babban ɓangaren Maiduguri a Satumban 2024. Ba na cewa zare zai tare ambaliya, ruwan da ya fi ƙarfin bango ya fi ƙarfinsa. Abin da yake bayarwa lokaci ne: makonni ko watanni na gyara in ciwon a hankali yake ci, ko 'yan awowin kwashe yara da tsofaffi zuwa tudu.

Haka kuma zaren na jin motsi. In an binne shi gefen bututun mai ko gindin katanga, yana rarrabe takun mutum da gurnanin babur da saran diga, ya faɗi a ina ne. Duk ɗan Jangebe da ya ji wannan, wuri ɗaya zuciyarsa za ta tafi, daren 26 ga Fabrairun 2021 da aka sace 'yan matanmu 279. Zare ba ya tare hanya, ba ya kawo ɗauki. Sai akwai wanda ke farke a ɗaya bakin, da kuma waɗanda za su taso in ya kira.

Lokacin da aka gina Bakolori babu wannan fasaha, ba laifin kowa ba ne. Amma madatsa da kanal abin gyara ne kullum, an taɓa su ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014, za a kuma sake taɓa su. Lokacin da rami ke buɗe shi ne lokacin da binne zare ya fi araha. Ina fata Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta sa wannan cikin lissafinta a gyara na gaba, ta kuma haɗa kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Talata Mafara, a koya wa 'ya'yan manoman da ke shan ruwan yadda ake haɗa zare da karanta na'ura. Wanda gidan ubansa ke ƙasan bango ba sai an roƙe shi ya duba allo da tsakar dare ba. Aikin kuma ba gagara-koyo ba ne, na gani da idona.

Saurayin nan na gefen titi ya feɗe bakin zaren biyu, ya goge su da auduga da sifirit, ya datse kowane da wata 'yar aska har bakin ya yi sumul, ya kwantar da su cikin wani akwati suna fuskantar juna. Ya rufe, wuta ta yi ƙyas tsakaninsu, cikin 'yan daƙiƙoƙi biyu suka zama ɗaya. Haka ya bi su sili-sili, yana kare akwatin daga ƙura da jikinsa duk lokacin da babbar mota ta wuce. Da ya gama ya kira na ofis ya ce su sake aika haske. Ya saurara da waya a kunne, ya gyaɗa kai, ya ce wa yaransa, "Ya wuce. Ku rufe ramin."